Tayar Da Fijo 504 Daga Dogon Barci: Tarihinta Da Abin Da Ke Faruwa A Cikin Injinta

Mai karatu, idan ka san birnin Zariya, to ka san irin motar da nake nufi. Shiga ta Ƙofar Doka ka nufi Babban Dodo, ko ka ɓullo ta Ƙofar Kuyambana, sai ka saki kwalta ka bi lungu. Ba za ka yi nisa ba za ka tarar da ita a gindin katanga, kusa da wani zaure. Tayoyi sun sace sun nutse a ƙasa, rana ta ƙone fenti, awaki na shan inuwa a ƙarƙashinta, yara kuma sun mayar da bonet ɗinta dakali. Fijo ce, 504. Galibi mai ita ya rasu, ko tsufa ya raba shi da sitiyari. Magada sun raba gona, sun raba gida, ita kuwa an bar ta, don ba wanda ya tabbatar ko dukiya ce ko tarkace.

Masu fara zuwa taya ta su ne 'yan gwangwan. Su da sikeli suke magana. A yi ciniki da hantsi, kafin la'asar an yayyanka ta da wutar walda an loda, kuma daga nan babu gyara. Amma idan ka ɗauko wani tsohon bakanike daga Tudun Wada ko Sabon Gari, abin da zai fara yi daban ne. Zai ɗaga bonet, ya sa sifana a gaban inji, ya gwada juyawa a hankali. In ya ji ya motsa, sai ya ce maka, "Alhaji, wannan ai barci take yi." To me ya sa injin da ya shekara goma sha biyar bai yi ko tari ba zai iya tashi? Kafin mu kai ga fistin da fulogi, sai mun fara sanin yadda aka yi motar ta zo nan.

Daga jirgin ƙasa zuwa canjin hannu

Birnin Zariya ba don mota aka tsara shi ba. Lungunansa na ƙafa ne da jaki da doki. Turawa sun mamaye garin a 1902, kuma ƙarfen farko da ya sauya rayuwarsa layin dogo ne, wanda ya taso daga Baro ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911. A kan aikin shimfiɗa shi ne Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi ya yi Waƙar Diga. Sai dai tashar jirgin ba a cikin ganuwa aka gina ta ba. A waje aka yi ta, kuma a kewayenta kantunan Turawa da injin gurzar auduga da Sabon Gari suka tsiro. Masu aikin ƙarfe da inji can suka taru. Shi ya sa har gobe garejoji da shagunan kayan gyara suka fi yawa a wajen ganuwa, motar mutumin birni kuma ta saba kwana a ƙofar gida, rana da ruwa duk a kanta. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A zamanin Turawa da farkon 'yanci, motocin Ingila ne suka cika hanya: Morris, Austin, Bedford, Landiroba, duk da sitiyarinsu a dama, don a hannun hagu ake tuƙi. Fijo tana nan tun lokacin, 403 da 404, kamfanin SCOA na sayar da su. Amma ranar 2 ga Afrilu, 1972, Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, irin na maƙwabtanta Nijar da Kamaru da Chadi da Dahomi. Daga ranar, mota mai sitiyari a hagu ta zama ita ce ta dace da titi, kuma ƙofa ta buɗe wa motocin Faransa da Jamus.

Ita 504 an fito da ita a Faransa a 1968, kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana jikinta, kuma ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969. Yayarta 404 ta riga ta yi suna a Afirka, domin ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka a 1963, 1966, 1967 da 1968. Ita ma 504 ta lashe shi a 1975. Wannan tsere ba na kwalta ba ne, na laka ne da ƙura da kwazazzabai, saboda haka ya fi kowace talla tasiri a wajen direban da ya san hanyar ƙauye.

A wannan shekara ta 1975, wadda a cikinta aka naɗa Alhaji Shehu Idris Sarkin Zazzau, masana'antar Peugeot Automobile Nigeria da ke Kakuri a Kaduna ta fara haɗa motoci. Tana cikin masana'antu shida da gwamnatin tarayya ta kafa da haɗin gwiwar kamfanonin waje: Boswaja a Legas, Leyland a Ibadan, Marsandi a Inugu, Steyr a Bauci, Fiat a Kano, sai Fijo a Kaduna. Ka lura da kalmar: haɗawa ake yi, ba ƙerawa ba. Inji da giya da yawancin sassan jiki a cikin akwatuna suke zuwa daga Faransa.

Yadda akwatunan suke zuwa shi ne abin da ya fi ba ni mamaki a duk labarin. A 1975 tashar jiragen ruwa ta Legas ta toshe, saboda gwamnati ta yi odar siminti fiye da kima, jirage ɗaruruwa suna jiran sauke kaya wata da watanni. Masana'anta kuwa ba ta jira. Sai aka koma sama. Kamfanin jiragen UTA na Faransa ya riƙa kwaso sassan Fijo daga birnin Liyon zuwa filin jirgin saman Kano, daga nan a loda a manyan motoci zuwa Kaduna, aka kuma yi shekaru ana haka. Hanyar Kano zuwa Kaduna ta Zariya ta bi. Wato da yawa daga cikin tsofaffin Fijon da ke kwance a birni, injinsu ya taɓa wucewa ta gefen garin a cikin akwati, ya je Kakuri aka ɗora shi, sannan ya dawo da ƙafarsa, tafiyar kilomita kusan 80.

Masu saye ma suna nan a shirye. Kuɗin man fetur sun shigo bayan tashin farashi na 1973. Ƙarin albashin Udoji ya shiga aljihun ma'aikata a farkon 1975, har da ariyas. Ga bashin mota da ake ba ma'aikaci in ya kai wani mataki. Zariya kuwa garin ma'aikata ne da malamai: Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, kwalejin koyon tuƙin jirgin sama tun 1964, Barewa, asibiti, reluwe, kamfanin taba. Bayan kisan Janar Murtala Muhammad ranar 13 ga Fabrairu, 1976, a cikin baƙar Marsandin da yanzu take gidan tarihi a Legas, gwamnatin Janar Obasanjo ta bi tsarin rage ƙawa, Fijo ta zama motar manyan jami'an gwamnati. Sai ga abu ɗaya a hannun kowa. Babban sakatare yana da ita, hakimi yana da ita, 'yan sanda na sintiri da ita, direban tasha yana lodin Kano ko Jos ko Sakkwato da wagon mai kujeru layi uku, ɗan kasuwa kuma yana jidar buhuna da a-kori-kura. A farkon shekarun 1980 Kakuri na fitar da motoci dubun dubata a shekara.

Wannan yawa shi ne jarin mai son tayar da ita a yau. Duk yaron da ya shiga gareji a wancan zamani, a kan Fijo ya koyi sana'a. Ya kwance injinta sau ɗari kafin a yaye shi.

Yadda ta kwanta

Faɗuwar ba ta ɗauki lokaci ba. Farashin mai ya karye, aka shiga tsarin SAP a 1986 zamanin Janar Babangida, aka saki naira. A 1980 naira ɗaya ta fi dala ɗaya daraja. Zuwa 1987 sai ka ba da kusan naira huɗu kafin ka sami dala. Motar da kayanta ke zuwa daga waje ba ta da mafita. Sabuwar Fijo ta fi ƙarfin albashi, aka koma na hannu, waɗanda ake kira Beljiyam ko 'yan Kwatano. A shekarun nan ma akwai matasan Turai da ke sayen tsohuwar 504 da arha, su tuƙo ta ta Sahara, ta Tamanrasat da Arlit da Agadas, su sayar a Nijar su koma gida da jirgi. Sannu a hankali motocin Japan da ƙananan motocin Jamus, waɗanda ba su shan mai kamarta, suka ƙwace tasha.

An daina haɗa 504 a Turai a 1983, bayan an yi sama da miliyan uku. Kenya ta ci gaba har 2004. Kaduna ce ta riƙe har 2006, shekara 38 bayan fitowarta. A shekarar aka sayar da hannun jarin gwamnati a masana'antar, bashi ya yi mata yawa, hukumar AMCON ta karɓe ta a 2012. Kamfanonin taya na Michelin da Dunlop ma suka rufe masana'antunsu a 2007 da 2008. A ganina, abin da muka samu a shekara talatin ɗin nan shi ne gwanintar gyara, wadda ba ƙarama ba ce. Gwanintar zuba bulok da sassaƙa karanshaf kuwa ba ta taɓa barin Faransa ba.

Abin da zama yake yi wa mota

Mutane na ɗauka mota tana lalacewa ne da tafiya. Zama ma yana cin ta, ta wata hanyar daban, kuma zafi yana hanzarta cin. Masana sinadarai na da wani ƙiyasi: galibin sauye-sauyen sinadari gudunsu yakan kusan ninka duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 10. Ka tuna motarmu a ƙofar gida take kwana, a garin da zafin bazara ke kusantar digiri 40 a Maris da Afrilu.

Fetur ne ke fara mutuwa. Shi ba abu ɗaya ba ne, gauraye ne na sinadarai masu yawa. Masu sauƙin tashi, waɗanda su ne ke sa inji ya kama da safe, su ke fara tsiyayewa cikin iska. Sauran kuma su haɗu da iskar oksijin su rikiɗe su zama wani abu mai danƙo kamar ƙaro, mai warin tsohon fenti. Wannan danƙon yana liƙe ƙasan tanki, ya toshe bututu, ya cika 'yan ƙofofin kafireta waɗanda wasunsu ba su kai milimita ɗaya ba. Batir ma haka. Ko ba a taɓa shi ba yana zubar da cajinsa, in ya daɗe babu caji sai gishirin dalma ya daskare a jikin farantansa ya ƙi narkewa. Kada ka ɓata kuɗinka wajen farfaɗo da shi. Roba kuma, daga fambel zuwa tiyon ruwa zuwa taya, rana da iska suna tsattsaga ta ko da ba ta yi aikin kwana ɗaya ba. Sai ɓeraye da suka ci wayoyi, da zanzaro da ya yi gini a bakin bututun iska.

Ga inda Zariya ta yi wa motar gata. A Turai ana zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, gishirin nan kuwa shi ya cinye jikin yawancin 504 ɗinsu, har ta zama abin nema a can. Tsatsa tana buƙatar ƙarfe da oksijin da ruwa, gishiri kuma yana ƙara mata gudu. Mu ba mu da gishiri a titi, muna kuma da rani na wata shida ko fiye da iska ke bushewa ƙayau. Saboda haka za ka ga fenti ya mutu amma ƙarfe na nan. Inda za ka duba shi ne wuraren da ruwan damina ke kwanciya: ƙasan ƙofofi, ƙarƙashin kafet, cikin but, da gindin gilashin gaba in robarsa ta tsage. Ka sa sukudireba ka danna. In ya huda a wurin da shokoziba ke zama, aikin ya tashi daga na bakanike ya koma na mai walda, kuma kuɗin ya sauya.

A cikin inji kuwa, bakin mai ya daɗe da gangarewa ƙasa. A inji mai silinda huɗu, duk inda ya tsaya akwai bawul ɗin da ya rage a buɗe, ta nan danshin damina ke shiga, shekara bayan shekara, har ringin fistin ya manne da bangon silinda. Shi ne ake cewa inji ya cije.

Kada ka murɗa makulli

Babban kuskuren da ake yi shi ne a aro batir, a zuba fetur a bakin kafireta, a ce bari a ji ko za ta tashi. Karanshaf ba a kan ƙarfe yake juyawa ba, a kan wani siririn shimfiɗin mai yake yawo, wanda bai kai kaurin gashin kai ba. Idan babu shi, daƙiƙa kaɗan sun isa su karce metal. Ringin da ya manne kuma, in sitata ta fizge shi da ƙarfi, karyewa yake yi. Ban da haka, fetur a buɗaɗɗen bakin kafireta kan dawo da wuta a fuskar mai zubawa.

Gwani yakan fara da cire fulogi huɗun, ya ɗiga mai mara kauri ko man dizal a kowane rami, ya tafi abinsa. Bayan kwana biyu ko uku ya dawo ya sa sifana, ya ɗan matsa gaba, ya ɗan dawo baya. Ba a yi masa dole. Ran da ya zagaya sau biyu ba tare da ya tsaya ba, an wuce mataki mafi wuya. Sai a juye tsohon mai, a sa sabo da sabon mataci, a ɗora batir, a juya inji da sitata alhali fulogi na waje, har fitilar mai ta mutu a gaban direba. Wannan ne shaidar mai ya zagaya.

Idan kuwa ya ƙi juyawa, ko aka gwada aka ga silinda ba ta riƙe matsi, a nan ne za ka ga dalilin da ya sa makanikai ke son wannan inji. Injin da ya fi yawa a 504 ɗinmu shi ne mai girman cc 1971, silinda huɗu, a kishingiɗe gefe guda, bulok na baƙin ƙarfe, kansa na alminiyam. A yawancin injuna, ramin da fistin ke hawa da sauka a jikin bulok aka huda shi. In ya cinye sai an kai wa masu injin gurza. A Fijo kuwa kowace silinda wani bututu ne mai zaman kansa, silib, da ake zurawa a cikin bulok, ruwan sanyaya inji na kewaye da shi kai tsaye. In ya lalace, a zare shi a sa sabo da fistin ɗinsa da ringinsa, inji ya koma awon da ya fito da shi daga Faransa. Ana iya yin wannan a gindin mangwaro. An tsara injin ne da sanin cewa wata rana za a buɗe shi a inda babu masana'anta.

Sai dai silib na da sharaɗi. A gindinsa akwai wani siririn abin toshewa da ke raba ruwa da mai. Idan aka ɗaga kan inji tsaye da ƙarfi, ko aka juya karanshaf bayan an cire kan ba tare da an danne silib ɗin ba, sai ya ɗago, toshin ya saki. Za a haɗa komai tsaf, inji ya tashi, bayan kwana biyu a ga bakin mai ya koma kamar kunun gyaɗa. Shi ya sa tsohon hannu yake goce kan gefe kafin ya ɗaga, ya kuma ɗaure silib da wasa da ƙusa nan take. In kana son ka gane ko bakanike ya san Fijo, tsaya ka ga yadda zai cire kan.

Iska, mai, wuta

Injin fetur, tun daga na Nikolaus Otto na 1876, abu huɗu yake maimaitawa: ya shaƙa, ya matse, ya ƙone, ya fitar. Don ya ƙone daidai yana son kimanin kilo 14.7 na iska a kan kilo ɗaya na fetur. In ka mayar da shi lita, lita ɗaya ta fetur na buƙatar iska lita dubu tara zuwa dubu goma. Yanzu ka tuna da hunturu. Ƙurar da ke turnuƙe Zariya daga Disamba zuwa Fabrairu, wadda yawancinta ke tasowa daga kwarin Bodele a Chadi, tana ɗauke da ɓarɓashin yashi da ya fi ƙarfen silinda tauri. Injin da ba shi da matacin iska mai kyau, kullum a cikin goge kansa yake da samfefa. Duk wanda ya ce maka a cire mataci don mota ta "sha iska", ka yi masa godiya ka wuce.

Mai haɗa iska da fetur shi ne kafireta, galibi ƙirar Solex. Ba shi da lantarki ko kaɗan. Maƙogwaro ne da ya tsuke a tsakiya. Iska in ta zo wurin tsukewar sai ta ƙara gudu, matsinta ya ragu, wannan ragin ya tsotso fetur ta 'yar ƙofa ya fesa shi. Aikinsa a wargaza shi ne, a jiƙa, a wanke, a hure kowace ƙofa da iska. Ba a zura masa waya, don tana faɗaɗa ƙofar, mota ta koma shan mai har abada. Tanki ma a sauke shi a wanke, in ba haka ba dattin shekara goma sha biyar zai sake toshe abin da aka gyara. Af, da al'adar zuƙo fetur da baki ta tiyo: akwai sinadarin benzin a cikinsa mai haddasa cutar dajin jini, kuma ɗigo kaɗan in ya faɗa huhu ya isa ya kwantar da mutum a asibiti.

Wuta ita ce ta fi ban sha'awa. Batir bolt 12 kawai yake bayarwa, fulogi kuwa yana son dubbai kafin tartsatsi ya tsallaka. Mai yin wannan ninki shi ne kwayil: naɗin waya biyu a kan ƙarfe ɗaya, ɗaya kaɗan mai kauri, ɗaya dubbai siriri. Lantarki na bi ta na farko ya gina maganaɗisu. A cikin distiributa akwai wasu 'yan leɓɓa biyu, kwantak, da ke buɗewa suna rufewa. Mutane da yawa na zaton tartsatsi na fita ne lokacin da suka haɗu. A'a, lokacin da suka rabu ne. Rabuwar na katse lantarki, maganaɗisu ya rushe farat ɗaya, rushewar ta haifar da bolt sama da dubu goma a naɗi na biyu. Abin da Michael Faraday ya gano kenan a 1831. A motar da ta daɗe a kwance, leɓɓan nan sukan yi tsatsa. A goge su ko a sa sababbi, a bar tazarar kusan milimita 0.4, a sauya kwandensa, a jera wayoyin fulogi 1-3-4-2. Duk kayan aikin ba su wuce sukudireba da ma'aunin tazara ba. Motar zamani ƙwaƙwalwar kwamfuta ce ke yin wannan, ta kuma fi iyawa nesa ba kusa ba, amma ran da ta mutu sai dai a sayo wata.

Kafin a tayar, saura ruwa. Kan alminiyam da bulok na baƙin ƙarfe in suka zauna a ruwa ɗaya, wani ɗan ƙaramin batir suke zama, alminiyam ne kuma ke cinyewa. Ruwan rijiya zalla na ƙara abin, ga kuma ƙanzon da yake bari a lagireto. A wanke lagireto, a sauya tiyo, a zuba ruwan sanyaya inji mai maganin tsatsa. Akwai kuma al'adar cire tamostat da sunan wai na ƙasar sanyi ne. Ban yarda da ita ba. Aikinsa shi ne ya kai inji zafin aikinsa, wajen digiri 80, da wuri. Injin da ke gudu da sanyi a safiyar hunturu ya fi shan mai, ya fi saurin cinyewa. In mota na zafi, laifin yana lagireto ko famfon ruwa ko fanka.

Ran tayarwa, a fili za a yi, ba cikin rufaffen gareji ba, domin hayaƙin salansa na ɗauke da iskar kabon monoksaid, marar wari marar launi, irin wadda ke kashe masu kwana da janareta. Za ta yi tari, ta yi atishawa, ta kama da silinda biyu, sannan sauran su biyo. Sai ka karanta hayaƙi. Shuɗi a mintocin farko man da aka ɗiga ne ke ƙonewa. In ya ƙi ɗaukewa, ringi ne ko bawul. Baƙi, fetur ya yi yawa. Fari mai kauri da ba ya yankewa bayan inji ya yi ɗumi, ruwa ne ke shiga, a kashe nan take.

Tashi daban, hawa titi daban

Murnar jin ƙarar inji takan sa a manta da birki. Man birki yana tsotsar danshi daga iska. Sabon mai na DOT 3 ba ya tafasa sai ya haura digiri 205; wanda ya sha ruwa yana iya tafasa a 140, ya zama tururi, ka taka birki ƙafarka ta tafi ƙasa. A juye shi duka, a sauya robobi. Taya kuma ko zanenta na nan, duba lamba huɗu na ƙarshe a gefenta: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In lamba uku ka gani, an yi ta kafin 2000.

Ba zan ɓoye maka ba, 504 ba motar kullum ba ce a yau. Takan sha sama da lita 10 a kilomita 100, kuma kowa ya san abin da fetur ya zama tun 29 ga Mayu, 2023. Ba ta da jakar iska, hayaƙinta ya fi na motar zamani datti. An ma yi ta ne a zamanin fetur mai dalma, wanda aka daina a ƙasashenmu zuwa 2006, kodayake wannan bai cika damun ta ba, don injin mai kan alminiyam dama da mazaunin bawul na ƙarfe dabam yake zuwa. Wasu don gudun shan mai sukan cire injinta su dasa na Japan. Mota ce tasu, kuma tana tafiya. Amma abin da ya sa ta cancanci wahalar shi ne injin nan da aka cire. In dole ne, a adana shi a ɗaki, a ɗiga masa mai, kada a haɗa shi da kayan sikeli.

Kayan gyara har yanzu ana samu, sabo da na hannu, a Sabon Gari da Kaduna da Kano, abin da ya gagara kuma masu zubi na Panteka kan ƙera makamancinsa. Masu hannun ne ke ƙaranci. Yaron da ya fara koyo a 1980 yana ɗan shekara goma sha biyar, yanzu ya kai sittin, yaransa kuma a kan Keke Napep da babur da motoci masu ƙwaƙwalwa suke koyo, don nan abinci yake. Da yawa cikinsu ba su taɓa saita kwantak ba. In ka sami dattijon da ya iya, ka yi ciniki da shi a kan aikin gaba ɗaya, har da dawowa ta biyu. Domin bayan kamar kilomita 1,000 na tafiya a hankali, sai an sake ɗaure ƙusoshin kan inji bisa jerinsu, inji yana sanyi, a sake saita tazarar bawul, a kuma juye man farko, wanda zai fito da ɓarɓashin sababbin ringi a cikinsa.